GANI YA KORI JI? SHARHI A KAN WAƘAR HAUSA A ZAMANIN HOTO

Gabatarwa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Ya faɗi haka ne a kan labari da shaida, wato wanda ya ga abu da idonsa ya fi wanda aka ba labari tabbaci. To amma a yau wannan karin magana ta sami wata sabuwar ma'ana a fagen kiɗa da waƙa, ma'anar da ya kamata ta dami duk wani mai riƙe da alƙalami. Idan aka ce sabuwar waƙa ta fito, abin da matasanmu ke fara tambayar juna shi ne, "Ka kalle ta?" Da wuya ka ji an ce, "Ka saurare ta?" Sauyin kalma guda ne, amma ruwa ba ya tsami banza.

Manufar wannan sharhi ita ce a duba yadda hoto mai motsi, na sinima da talabijin da bidiyo da wayar hannu, ya sauya yadda Bahaushe ke jin waƙa, da kuma yadda wannan sauyi ya komo ya taɓa yadda ake tsara waƙar ita kanta. Ra'ayin da zan kare shi ne cewa hoto ya karɓe wani aiki wanda a da kalmomin mawaƙi da zuciyar mai sauraro suke haɗuwa su yi, wato aikin zana sura a zuci. Duk kuwa aikin da aka ɗauke wa mutum, sannu a hankali sai ya manta yadda ake yin sa. Maganar ta shafe mu kai tsaye, 'yan'uwa marubuta, domin da yawa daga cikinmu suna rubuta waƙa, wasu kuma suna burin su ji baitocinsu a bakin mawaƙa ko a cikin fim.

Ido Ba Baƙo Ba Ne

Kafin a ɗora wa hoto laifi, adalci ne a fara amincewa da cewa waƙar baka ta Hausa ba a cikin duhu aka haife ta ba. Tun fil azal ana ganin ta kamar yadda ake jin ta. Makaɗin fada yana durƙusawa ne a gaban sarki, jama'a suna kallon rawani da alkyabba da dogarai, suna ganin kyautar riga ko doki a lokacin da aka miƙa ta. A filin dambe, idan makaɗi ya kaɗa wa ɗan dambe takensa, kowa yana ganin yadda tsuma ke kama shi har ya miƙe ya shigo fili. A gona ranar gayya, kiɗan gangar noma yana tafiya ne daidai da ɗagawar hauya da saukarta. A cikin gida kuma, matan da ke kiɗan ƙwarya na amada suna kallon rausayar juna. Kiɗa da waƙa da kallo a tukunya ɗaya aka dafa su.

Sai dai akwai abubuwa biyu game da wancan kallo da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, idon mai kallo yana da 'yanci. In ya so ya dubi mawaƙi, in ya so ya dubi 'yan amshi, in ya so ya saci kallon wanda ake yi wa zambo don ya ga yadda fuskarsa ta sauya. Babu wanda ya riƙe masa linzami. Na biyu, abin da ake gani shi ne ainihin mafarin abin da ake ji. Bakin da ya motsa shi ne mai muryar, hannun da ya tashi shi ne ya bugi fatar. Waɗannan abubuwa biyu su ne hoton zamani ya zo ya sauya, kamar yadda za mu gani.

Zamanin Kunne

Tsakanin wancan zamani na dandali da wannan na bidiyo akwai wani zango wanda a ganina shi ne ya yi wa kunnen Bahaushe tarbiyya mafi inganci, wato zamanin garmaho da rediyo da kaset. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, kuma duk da cewa talabijin tana ciki, rediyon ce ta isa ƙauyuka da rugage, ta tsallaka har Maraɗi da Damagaram. Da kaset ya yawaita daga shekarun 1970, sai waƙa ta shiga motar haya da shagon tela da teburin mai shayi. A wannan zango miliyoyin mutane suka san muryoyin da ba su taɓa ganin masu su ba.

Ɗauki Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, wanda ya rasu tun wajen farkon shekarun 1960. Akasarin masu ƙaunar waƙoƙinsa a yau bayan rasuwarsa aka haife su. Amma duk wanda ya natsu ya saurari waƙarsa ta Dokin Iska sai ya ga doki a guje, ya ga ƙura, ya ji ihun 'yan kallo. Ta ina dokin ya shigo? Ta kalmomi da saurin kotso. Abin sha'awa ma, dokin da ni na gani daban yake da wanda kai ka gani, domin kowa da irin dokin da ya taɓa burge shi. Haka waƙar Shago ta Ɗan Anace ta kai mutanen da ba su taɓa taka filin dambe ba har tsakiyar fili. Haka Ɗan Maraya Jos, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya tsayar da karen mota a gabanmu, da dauɗarsa da wahalarsa da fankamarsa, ba tare da ya nuna mana ko tayar mota ba.

A ɓangaren rubutacciyar waƙa kuwa, babu misalin da ya kai na Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji. Makaho ne tun yana yaro, amma ya siffanta mutuwa da kabari da tsayuwar ƙiyama ta yadda masu idanu ke zubar da hawaye. Almajirai makafi kuma su ne suka yi ta rera ta ƙofa-ƙofa har ta game ƙasa. Makaho ya zana, makafi sun yi talla, masu ido sun gani. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa akwai wani ido a cikin kunne, wanda malaman adabi ke kira idon zuci.

Mawaƙin wancan zango ya san cewa ba shi da wani makami sai harshe. Saboda haka tilas ya ƙware a siffantawa da kamantawa da kambamawa da habaici da kirari, irin dabarun da malamai kamar Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo suka feɗe mana a littattafansu na nazarin waƙa. Mai sauraro shi ma ya san cewa in ya yi sakaci ɗango guda ya wuce shi, to ya yi asara. Wannan ne ya sa za ka tarar da dattijo wanda bai yi boko ba amma ya haddace Bakandamiyar Shata daga gindi har ƙarshe.

Yadda Hoto Ya Shigo

Hoto mai waƙa ya shigo mana ne ta ƙofar sinima. Tun 1937 aka buɗe sinimar Rex a Kano, wasu suka biyo baya irin su Palace da Eldorado da Plaza. Bayan wani lokaci 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen suka fara kawo finafinan Indiya, suka kuwa sami karɓuwar da ba a zata ba. Fim irin Mother India na 1957 ya shafe shekaru da dama ana maimaita shi ana cika gida. Fim ɗin Indiya kuwa tun daga na farkonsa mai magana, Alam Ara na 1931, da waƙa ya tashi.

A nan akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Bahaushen da ya shiga sinima ba ya jin Indiyanci. Ya ƙaunaci waƙoƙin, ya haddace karinsu, har ya riƙa kwaikwayon lafazinsu, alhali bai san abin da suke cewa ba. To, wa ya fassara masa? Ido. Ya ga jaruma tana hawaye a bakin taga, ya gane waƙar rabuwa ce. Ya ga ana guje-guje a cikin furanni, ya gane ta murna ce. Ta haka, cikin shekaru masu yawa, aka koyi wata sabuwar ɗabi'a ta jin waƙa wadda ba ta bukatar kalma. Ga al'ummar da waƙarta kacokan a kan kalma ta dogara, wannan ba ƙaramar girgiza ba ce.

Abu na biyu da muka koya daga Indiya shi ne raba murya da fuska. Tun a tsakiyar shekarun 1930 masu shirya finafinai a can suka fara ɗaukar waƙa daban, sannan ɗan wasa ya zo ya motsa baki a kanta. Muryar Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, ta fito ta bakin 'yan wasa mata masu ɗimbin yawa, tun daga kakanni har jikoki. Haka ta Mohammed Rafi a ɓangaren maza.

A ƙasashen Turawa ma an yi irin wannan juyi, ko da yake ta wata hanya. Ranar 1 ga Agusta, 1981, aka buɗe tashar MTV a Amurka, wadda aikinta a lokacin shi ne nuna bidiyon waƙoƙi dare da rana. Waƙar da suka buɗe da ita ta ƙungiyar Buggles ce, ma'anar sunanta kuwa shi ne bidiyo ya kashe tauraron rediyo. A 1983 Michael Jackson ya fitar da bidiyon Thriller mai tsawon kusan minti 14, daga nan kuma kamfanoni suka gane cewa ido ne ke sayar da waƙa.

Namu juyin ya zo ne da fim ɗin bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin na farko. Kafin ƙarshen shekarun 1990 fiyano ta maye gurbin kalangu da goge a sitidiyo, rawa da waƙa kuma suka zama gishirin fim. Shekarar 1999 abar lura ce ga mai nazari. A cikinta aka fara buga mujallar Fim, a cikinta fim ɗin Sangaya ya fito wanda waƙarsa ta game gari, a cikinta kuma, ranar 18 ga Yuni, Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa. Kamar dai an rufe wata ƙofa ne aka buɗe wata.

Shaidar Masu Bincike

Wani zai ce ai kunne daban, ido daban, don haka hoto ba zai iya taɓa abin da aka ji ba. Masu binciken ƙwaƙwalwar ɗan Adam sun nuna cewa ba haka abin yake ba. A 1976 wasu malamai biyu a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, suka haɗa muryar da ke cewa "ba" da hoton bakin da ke furta "ga". Akasarin manyan da aka gwada sai suka ce "da" suka ji. Da sun rufe ido kuma sai su ji "ba" sarai. Ashe ido yana iya shiga ya gyara wa kunne karatu tun kafin mutum ya farga.

A 2007 wasu masana biyu, Michael Schutz da Scott Lipscomb, suka yi makamancin wannan gwaji da marimba, wani abin kiɗa na itace da ake bugawa da 'yan sanduna, ɗan'uwan balafon na ƙasashen Mali da Gini. Idan makaɗi ya ja hannunsa a hankali bayan bugu, masu kallo sai su ce sautin ya yi tsawo. Idan ya datse hannun da sauri, sai su ce gajere ne, alhali sautin da aka sa musu guda ne.

Wanda ya fi ba da mamaki shi ne binciken Chia-Jung Tsay na 2013. Ta ɗauki gasannin kiɗa na duniya, ta nuna wa mutane 'yan takara uku da suka kai zagayen ƙarshe a kowace gasa, cikin gutsattsarin da bai wuce sakan 6 ba, ta ce su canki wanda alƙalai suka ba nasara. Waɗanda aka nuna wa hoto babu sauti sun fi waɗanda aka sa wa sauti babu hoto dacewa da zaɓin alƙalai, kuma har da ƙwararrun makaɗa a cikin waɗanda aka gwada. Ba banza ba manyan ƙungiyoyin makaɗa na Amurka, musamman daga shekarun 1970, suka ɗauki al'adar sanya labule tsakanin alƙalai da mai neman aiki, don a ji kiɗansa ba tare da an ga ko wane ne ba. Idan ido yana rinjayar gwanaye haka, ina ga yaron da ke riƙe da waya?

Abubuwa Huɗu Da Suka Sauya

Na farko, baiti ya rame. Mawaƙin da ya san za a nuna kyakkyawar yarinya cikin leshi a gefen ƙorama ba ya ganin bukatar ya wahalar da kansa wajen siffanta kyau. Kyamara ta riga ta yi masa. Abin da ya rage masa shi ne ya cike kari da amsa-amo. Shi ya sa in ka zauna ka rubuta waƙoƙin fim goma a takarda, sau da yawa za ka tarar 'yan kalmomi ne ke ta zagayawa: zuciya, ƙauna, hawaye, rabuwa, alkawari. Za ka iya ciro baiti daga wannan ka dasa a waccan ba tare da kowa ya gane ba. A matsayina na mai koyar da adabi a sakandare, nakan sa ɗalibai su rubuto baitocin waƙar da suka fi so, su ja layi a ƙarƙashin duk wata siffantawa ko kamantawa. Sau da yawa takarda takan dawo babu layi ko ɗaya, yaro kuma yana ta rantsuwa cewa waƙar tana da daɗi. Gaskiya ya faɗa, sai dai daɗin a ido ya ji shi.

Na biyu, an ƙulle ma'ana. Waƙar da aka ji da kunne kamar fili ce, kowa ya gina irin ɗakinsa. Mai sauraron waƙar bege yakan sa fuskar wanda yake bege, ko mata ce, ko mahaifi, ko garin da ya baro. Da zarar an ɗora mata hoto, to an gina gida an miƙa maka makulli. Duk lokacin da ka sake jin ta, ko a rediyo ne, fuskar ɗan wasan nan da launin rigarsa su ne za su faɗo maka. Duk wanda ya ji karin Sangaya a yau, Ali Nuhu da Fati Muhammad yake gani, ko ya so ko ya ƙi. Cewa mahalli yana juya ma'anar sauti, mun ga shaidarsa a Kano, inda wasu masu bandiri suka ari karin waƙoƙin finafinan Indiya suka ɗora musu yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kari bai sauya ba, amma da aka raba shi da hotonsa na asali aka sa shi a wani zaure, sai zukata suka karɓe shi da wata fuska.

Na uku, an raba mai wahala da lada. Bahaushe ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma a fim waƙa a bakin wanda ba mai ita ba take fitowa, ta hanyar abin da 'yan fim ke kira mamin. Shekaru da dama mutane sun sha jin muryoyin Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Fati Nijar, suna jingina daɗin ga 'yan wasan da suka motsa baki. Wanda ya rubuta baitocin kuwa, in ba shi ne ya rera ba, sau da yawa ko sunansa ba a sani ba. Wannan ya shafi martabar marubuci da kuma aljihunsa.

Na huɗu, numfashin sauraro ya gajarce. A bidiyon waƙa ana sauya hoto duk bayan 'yan sakanni, ido kuma ya saba da haka har ya koya wa kunne gajen haƙuri. Da manhajar TikTok ta zo, wadda da farko sakan 15 take ba mutum, sai aka koma neman gaɓa guda ɗaya mai daɗin rawa, sauran waƙar ko oho. A 2020, lokacin zaman gida na annobar korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game ko'ina saboda matan aure da suka riƙa ɗaukar kansu suna taka rawarta a gaban mazajensu. An yi ta muhawara a kan dacewar hakan ko rashin dacewarsa. Abin lura ga mai nazari shi ne cewa a nan masu sauraro ne da kansu suka zama masu yi wa waƙa hoto, hoton kuma shi ne ya zama labari. Waƙa mai ɗiya ashirin wadda ke gina ma'anarta sannu a hankali, yaya za ta yi ta rayu a irin wannan kasuwa?

Hasali ma, su kansu masu suka ido ne ya ja su. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, akasarin ce-ce-ku-cen da ake yi a kan waƙoƙin fim, a jaridu da majalisu da mumbarori, a kan sutura ne da rawa da cuɗanyar maza da mata. Waɗannan batutuwa ne masu muhimmanci, ba a musu. Amma da wuya ka ji wanda ya tsaya ya tambaya ko baitin ya tsaya da ƙafarsa, ko Hausar ta nuna. Masoya suna kallo, masu suka suna kallo, waƙa ta rasa mai saurarenta.

Inda Hoto Ya Yi Rana

Duk da haka, ba zai kyautu a rufe ido daga alherin hoto ba. Ɗaukar da gidajen talabijin suka yi wa Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya da Barmani Choge, wadda a yau ake samun wani sashe nata a YouTube, taska ce da ba ta da farashi. A cikinta ɗalibi zai ga yadda makaɗin kalangu ke matse tsirkiya a hammata yana saki don ya sauya amo, abin da bayani a takarda ba zai gamsar ba. Zai ga yadda Shata ke tsaye yana ƙago baiti nan take, makaɗa da 'yan amshi suna biye da shi ba tare da an yi tuntuɓe ba. Zai ga yadda mutum ɗaya da ɗan ƙaramin kuntigi ke riƙe taro.

Mene ne bambancin wannan hoto da wanda muka soka? Wannan yana nuna mafarin sauti, don haka yana ƙara wa kunne kaifi. Bayan ka gani, in ka koma ka saurara sai ka ji abin da a da ya wuce ka. Wancan kuwa yana janye hankali daga sauti zuwa mota da gida da tufafi waɗanda ba su da wata alaƙa da abin da ake faɗa. Ɗaya bara ne ga waƙa, ɗaya kuma ya mai da waƙa baiwarsa.

Kazalika, akwai mawaƙan zamani da suka nuna cewa fiyano da kyamara ba su hana baiti ƙiba ba. Aminu Ladan Abubakar Alan Waƙa, wanda marubucin littattafai ne kafin ya shahara a waƙa, misali ne a kusa. Waƙoƙinsa irin su Bara A Kufai da Jami'a ana iya rubuta su a takarda a yi nazarinsu a aji, a sami abin ja wa layi. Ba mamaki, domin ta ƙofar alƙalami ya shigo.

Jan Hankali Ga Marubuta

Ga ɗan'uwa mai sha'awar rubuta waƙa, ina ba da shawarwari huɗu. Da farko, ka yi wa waƙarka jarrabawar makaho. Ka karanta ta ga wanda bai san labarin fim ɗin ba, babu kiɗa, babu hoto, sannan ka tambaye shi abin da ya gani. In ya ce bai ga komai ba, to da sauran aiki, domin kayan aro ba ya rufe katara.

Na biyu, in an ba ka aikin waƙar fim, kada ka maimaita abin da kyamara za ta nuna. In za a nuna hawaye, ba sai ka ce ana kuka ba. Kai ka faɗi abin da kyamara ba ta iya ɗauka, kamar tunanin da ya jawo hawayen, ko ƙanshin gidan da aka baro, ko maganar da aka so a faɗa aka haɗiye. A nan ne kalma ta fi hoto ƙarfi, kuma a nan ne kake da gadon da ba mai ƙwace maka.

Na uku, ka tsaya a kan a rubuta sunanka a matsayin wanda ya tsara baitoci, a jikin fim da kuma duk inda aka sa waƙar. Haƙƙinka ne, kuma wanda ya san za a kira sunansa ya fi kula da abin da zai rubuta.

Na huɗu ya shafi ƙungiyarmu. Yana da kyau a zaman karatu da muke yi a riƙa ware ɗan lokaci na sauraro zalla. A sa waƙa ɗaya ta da, ɗaya ta yanzu, a kife wayoyi, a saurara, sannan a feɗe su ta fuskar jigo da salo da zubi. Masu sharhi a cikinmu kuma su riƙa rubutu a kan baitocin waƙoƙin zamani da irin natsuwar da ake ba na magabata, a yaba inda aka yi gwaninta, a nuna inda aka yi ragwanci. Mawaƙi ba zai gyara abin da ba wanda ya taɓa tambayarsa a kai ba.

Kammalawa

A taƙaice, wannan sharhi ya yi ƙoƙarin nuna cewa waƙar Hausa ta ratsa zango uku: na dandali inda ido ke da 'yanci, na rediyo da kaset inda kunne ya yi mulki shi kaɗai, da na bidiyo inda aka sa wa ido linzami aka ba shi ragamar kunne. An nuna cewa wannan zango na uku ya ramar da baiti, ya ƙulle ma'ana, ya ɓoye mai murya da mai alƙalami, ya kuma gajarta haƙurin sauraro, duk da cewa ya adana mana abubuwan da da sun salwanta.

Hoto ya zo ke nan, babu mai mai da shi, kuma in kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Abin da ke hannunmu shi ne ingancin abin da muke miƙa wa mai kyamara. Kayan ado na bidiyo suna tsufa da wuri. Motar da ta burge a bana, nan da shekara goma abin dariya ce, haka ɗinki, haka salon rawa. Dokin Narambaɗa kuwa, da yake a zuci aka ɗaure shi, yau fiye da shekara 60 bai gaji ba. Duk marubucin da ke son a tuna da shi bayan an daina yayin hotonsa, to ya rubuta abin da makaho zai gani.

Allah ya sa mu dace, amin.